Tambarin Jam'iyya Yana da Gata, na Ɗan Kasuwa Yana Jiran Majalisa

Duk wanda ya taɓa raka mai haɗa lefe Kantin Kwari ya ga wannan da idonsa. Mai shago zai zaro turmin atamfa biyu ya shimfiɗa a kan benci, zane iri ɗaya, launi iri ɗaya, takardar da aka manna a jiki iri ɗaya, har rubutun da ke bakin zanen babu bambanci. Sai ya dafa ɗaya ya faɗi kuɗinta, ya dafa ɗayar ya faɗi abin da bai kai rabin na farkon ba. Idan mai amana ne zai gaya maka wannan ce gangariya, waccan kuma mai bi mata ce. Idan ba ya tsoron Allah, kuɗin gangariyar zai karɓa ya naɗe maka jabun, sai ranar wankin farko ruwa ya tona asiri, bayan an riga an kai kaya gidan amarya.

Wannan 'yar takarda da rubutun bakin zane su ne lauyoyi ke kira alamar kasuwanci, mu kuma a kasuwa muke cewa tambari ko lamba. Aikinsu guda ne, su shaida wa mai saye daga hannun wa kaya ya fito, domin in ya ji daɗi ya san inda zai koma, in an cuce shi ya san wanda zai kama. Mutum kan shafe shekara ashirin yana gina amanar da ke bayan tambarinsa. Mai kwaikwayo kuwa mako guda da injin buga takarda sun ishe shi.

Najeriya tana da doka a kan wannan. Abin tambaya shi ne shekarunta nawa, a hannun wa take, kuma wa take yi wa aiki.

Dokar zamanin fam da sule

Dokar Alamomin Kasuwanci da ake aiki da ita yau an yi ta ne a 1965, lokacin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, ta fara aiki a 1967. Ko naira ba a buga ba a lokacin, sai 1973. An kwafo ta ne kusan layi da layi daga dokar Ingila ta 1938. Turawan da muka kwafa daga wajensu sun ajiye tasu tun 1994 sun yi sabuwa, mu muna nan riƙe da tsohuwar kamar gadon kaka.

Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Akwai ofishin rajista guda a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Mai neman rajista zai sa a bincika ko wani ya riga shi, ya shigar da takarda, ya zaɓi rukunin da kayansa suka faɗa cikin rukunoni 45 da duniya ke amfani da su, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Idan magatakarda ya gamsu zai ba shi takardar amincewa, sannan a buga tambarin a mujallar ofishin, a ba jama'a wata biyu ko akwai mai ja. In babu, a ba da satifiket. Rajistar farko tana ɗaukar shekara bakwai, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Wanda ya yi rajista ya kwanta a kanta shekara biyar bai yi amfani da ita ba, ana iya neman a soke ta.

A takarda ke nan. A aikace, lauyoyin da ke wannan harka sun daɗe suna kukan cewa mujallar ba ta fitowa a kan kari, kuma muddin ba ta fito ba babu satifiket. Mutane da yawa suna ɗaukar takardar amincewa su rataye a shago suna ganin sun gama. Kotun Ƙoli ta riga ta raba gardama a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Dyktrade da Omnia a kan duwatsun goge daɓe masu suna Super Rocket: takardar amincewa ba rajista ba ce, mai ita bai isa ya kai ƙarar keta tambari mai rajista ba tukuna. Ma'ana, jinkirin ofishin gwamnati kan bar ɗan kasuwa tsirara na tsawon lokaci, ya biya kuɗi amma bai sami garkuwa ba.

Gyara mafi girma da aka yi wa dokar ya zo ne a watan Fabrairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sauƙaƙa kasuwanci, wadda ta taɓa dokoki da dama a lokaci guda. Ita ce ta shigar da ayyuka a cikin ma'anar kaya, yadda banki ko makaranta ko kamfanin sufuri zai tsaya da ƙafarsa a gaban alƙali, ta kuma amince cewa siffar kaya da mazubinsa da haɗin launukansa suna iya zama tambari. Muhimmancin wannan sai an tuna shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004. Kamfanin Ferodo mai yin birkin mota ya yi ƙarar cewa kamfanin Ibeto yana sayar da nasa birkin a kwali mai launin ja da baƙi da fari irin nasa. Kotun Ƙoli ta ce kalmar Ferodo ce tambarinsa, adon kwali bai zama mallakinsa ba. Amma wa ke karanta suna a tashar mota? Direba launin kwali ya sani, kamar yadda uwargida ta san gwangwanin madara da hoton da ke jiki. A ƙasar da miliyoyin masu saye ba sa karatun boko, launi da hoto su ne sunan, kuma sai da aka ƙara kusan shekara ashirin kafin doka ta yarda da abin da kowace mai tallan kayan miya ta sani.

Sauran dokar yana nan yadda yake. Tsohuwar dokar hukunta masu ƙirƙirar tambarin jabu, wadda ta samo asali tun 1916, har yau tana maganar ɗaurin wata shida ko tarar naira ɗari a kotun majistare. Naira ɗari, ga mutumin da ya shigo da kwantena.

Akwai kuma wani ruɗani da ya fi cin ƙananan 'yan kasuwarmu. Mutum zai je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista, ya dawo gida da satifiket yana ganin sunan garin kunun da yake ƙullawa ko turaren da yake haɗawa ya zama nasa. Ofisoshin biyu daban suke, dokokinsu daban. Rajistar CAC sunan kamfani ko na shago take tsarewa, sunan da ke jikin kwalba sai ofishin alamomin kasuwanci. Yawancin masu ruwan leda da burodi da yaji da man shafawa ba sa jin labarin wannan ofis sai ranar da suka je neman lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, aka ce su kawo shaidar rajistar tambari. Wasu a ranar suke gano cewa wani a Legas ko Anaca ya riga ya yi rajistar sunan da suka shekara goma suna tallatawa.

Inda 'yan siyasa suka san darajar tambari

Da za a ce masu mulki ba su fahimci abin ba ne, da an yi musu uzuri. Amma babu wanda ya san kuɗin tambari kamar ɗan siyasar Najeriya. Tun jamhuriya ta farko mutanenmu alama suke zaɓa: fartanyar NPC da tauraron NEPU, sannan mabuɗin PRP da gida da masara na NPN, dokin SDP da mikiyar NRC, har zuwa lemar PDP da tsintsiyar APC. Mai kaɗa ƙuri'a a ƙauye hoto yake nema ya dangwala, daidai da yadda yake neman hoto a jikin buhun taki.

Saboda haka suka tanadi wa kansu doka mai haƙori. Hukumar zaɓe INEC ce ke riƙe da rajistar sunaye da alamomin jam'iyyu, ba ta kuma karɓar alamar da ta yi kama da ta wata har ta ruɗa mai zaɓe. Tsarin mulki ya hana suna ko tambarin jam'iyya ya ɗauki launin ƙabila ko addini. Kuma idan rigima ta tashi ba a jiran mujalla. A farkon 2013, da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka sanar da haɗewa a ƙarƙashin sunan APC, kwatsam sai ga wata ƙungiya mai suna African People's Congress ta ɓullo tana neman rajista da haruffan nan uku. 'Yan adawa suka ce makirci ne don a riga su sunan, irin dai abin da ke samun mai yajin da aka riga shi ofis. Cikin 'yan watanni aka warware: INEC ta ƙi karɓar waccan, ta yi wa APC rajista ranar 31 ga Yulin 2013. Ba a cika shekara biyu ba tsintsiya ta ci zaɓen shugaban ƙasa.

A Kano ma mun gani. Jam'iyyar NNPP ta ci kujerar gwamna a 2023 da kwandon kayan marmari. A 2024 ɓangaren Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya sauya tambarin zuwa littafi da hular kammala karatu a kan launin ja da fari, ɓangaren da ke tare da wanda ya kafa jam'iyyar, Boniface Aniebonam, ya ce bai san zancen ba, kwando ne nasu. Aka shiga kotu, manyan lauyoyi suka ci kasuwa. Rigimar mallakar tambari ce tsantsa, irin wadda 'yan'uwa biyu ke yi idan mahaifinsu ya rasu ya bar masana'antar sabulu.

Majalisar da ke sake duba Dokar Zaɓe kusan duk zango ita ce ta bar ƙudurin kafa hukuma mai zaman kanta ta kula da alamomin kasuwanci da ƙirƙire-ƙirƙire yana yawo daga wannan majalisa zuwa waccan, yana mutuwa ana tayar da shi. Masu fim da mawaƙa sun yi ta matsa lamba har suka sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Masu samar da irin shuka sun sami tasu a 2021. Mai masaƙa da mai niƙa shinkafa ba su da mai tsaya musu a zauren, ko kuma masu shigo da kaya sun fi su kusa da kunnen masu zauren. Ni na fi karkata ga na biyun.

Doka a Abuja, kasuwa a Kano

Tsarin mulkin 1999 ya sa alamomin kasuwanci a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, a lamba ta 43. Sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai hurumin sauraron shari'arsu. Majalisar dokokin jiha ba ta da ta cewa, kotun jiha ko ta shari'a ba ta da hurumi. Akwai hikima a nan, domin ba zai yiwu suna ɗaya ya zama na wane a Sakkwato kuma na wani a Fatakwal ba. Sai dai sakamakonsa shi ne ikon yana can nesa, ɓarnar tana nan kusa. Ko a kan tambarin da ba shi da rajista sai da Kotun Ƙoli ta yi ta kai-komo: a shari'ar Ayman da Akuma ta 2003 ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi a kan irin wannan ƙara, a 2007 kuma ta buɗe ƙofar. Ɗan kasuwar da jarinsa bai kai kuɗin lauya ba ya ga wannan sai ya haƙura, ya kai kuka wajen shugabannin kasuwa.

Su kuwa shugabannin kasuwa, a gaskiya, su ne kotun alamomin kasuwanci ta haƙiƙa a Arewa. Suna sasanci, wani lokaci su sa a janye kaya, kuma sau da yawa sun fi kotu sauri. Amma shugabancin manyan kasuwanninmu ya daɗe da cuɗanya da siyasar jiha, kowace gwamnati da nata mutanen. Mai ƙorafi da wanda ake ƙorafi a kansa duk masu ƙuri'a ne, wani ma mai ba da gudummawar kamfe ne. Abin da jiha ke iya yi shi ne ta bi ta ƙofar kare haƙƙin masu saye, kamar yadda hukumar Kano mai wannan aiki ke kama lalatattun kaya da jabun magunguna. Wannan yana tsare lafiyar jama'a, amma ba ya mayar wa mai tambari asararsa.

Labarin masaƙu ya isa misali. An buɗe masaƙar Kaduna, KTL, a 1957 a zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964 ta zama uwa ma ba da mama ga dubban iyalai a Kakuri. A 2007 UNTL ta rufe ƙofa. Rashin wuta da tsadar baƙin mai sun yi nasu, amma akwai wata wuƙar: atamfar da ake bugawa a ƙasar Sin da zanen masaƙun Najeriya, da tambarinsu, har da rubutun cewa a Najeriya aka yi ta, a sauke a Kwatano ko Lome, a bi da ita ta Nijar, ta shigo ta iyakar Katsina ta sauka a Kwari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwamnatin Obasanjo ta haramta shigo da atamfa, ta Jonathan ta ɗage haramcin a 2010, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati a 2019, aka janye a 2023. Duk wannan kai-komo a kan iyaka da kuɗin waje aka yi shi, babu wanda ya waiwayi dokar tambari. Ko a watan Mayun 2012 da aka kama 'yan ƙasar Sin 45 a Kantin Kwari, jami'an shige da fice ne suka kama su bisa zargin yin cinikin da takardunsu ba su ba su izini ba. Maganar kwaikwayon zane ba ita ce a gaba ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙon da ke Guwanzu a ƙasar Sin bai san zanen da matan Kano ke yayi ba sai wani ɗan gida ya ɗauki samfur ya kai masa, ya ce a yi masa irinsa a kan kaza. Mu ma masu saye muna da namu kason, domin da yawanmu mun san jabu ne muke karɓa, sunan muke so a gani a jikinmu ranar biki.

Siyasa ma takan zaɓi tambarin da za a sata. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an ga abu biyu a kasuwar shinkafa. Masu fasa-ƙwauri suna juye 'yar waje a buhunan kamfanonin gida don su wuce kwastan, wasu kuma suna ɗura 'yar gida a buhunan 'yar Tailan don su sayar da tsada. Buhu ya zama haja mai zaman kanta.

Inda aka ga an taɓuka shi ne fannin magani, saboda a nan jabu kisa yake yi. Marigayiya Dora Akunyili ta riƙe NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, kuma a Disambar 2003 aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta. A Kano an shafe shekaru ana ja-in-ja kan tashin masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya, sai a Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, aka rufe shaguna sama da dubu. Wato ko inda rai ke salwanta sai da aka haɗa kotu da hukumomin tarayya da amincewar jiha kafin abu ya motsa.

Tsallaken iyaka

Rajistar da aka yi a Abuja a bakin iyaka take tsayawa. Maƙwabtanmu huɗu na tudu, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a dukkan ƙasashen har shekara goma. Najeriya ba ta cikinta, ba cikakkiyar mamba ba ce a takwararta ARIPO da Ghana ke ciki, ba ta kuma shiga yarjejeniyar Madrid da ke ba mutum damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda guda ba. Don haka mai kamfanin takalmin roba a Sharaɗa ko mai alewa a Bompai, wanda rabin kayansa Maraɗi da Damagaram da Njamena da Garwa suke tafiya, ba shi da komai a can sai ya je ya yi rajista ta Yawunde. In wani ya riga shi, da sunansa za a tare kayansa.

Nijar ta ɗanɗana irin wannan ta kuma ɗauki darasi. Wani kamfanin iri da ke Senegal ya taɓa neman mallakar irin albasar nan mai suna Violet de Galmi, wadda manoman Galmi a jihar Tawa suka gada kaka da kakanni. Manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye har kamfanin ya janye daga sunan. Daga baya ƙasar ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankin da suka fito, ta kuma yi wa cuku da fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa na masu sana'ar. Kamaru ta riga ta da barkonon Penja da farar zumar Oku tun 2013.

Najeriya har yanzu ba ta da doka ta musamman a kan irin wannan suna na yanki. Masu kilishin Agadasawa, marinan Ƙofar Mata da na Kura, masu doyar Binuwai, kowa na iya ɗaukar sunansu ya liƙa a kayansa. Abin ba sabo ba ne a wajenmu. Ƙarni da yawa fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, Turawa suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko. Mun yi aikin, wasu sun ci sunan. Yanzu da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka ta kankama, har shugabannin nahiyar suka amince da ƙa'idojinta na haƙƙin mallakar fasaha a Addis Ababa a 2023, wanda ya riga rajista shi zai shiga kasuwa da suna.

Abin da ya rage wa 'yan majalisar da ke wakiltar Fagge da Kaduna ta Kudu da sauran mazaɓun da masana'antu da manyan kasuwanni suke ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki: sabuwar dokar alamomin kasuwanci mai tarar da za ta ji wa mai kwantena ciwo, dokar kare sunayen yanki, wa'adin da doka za ta ɗaure ofishin rajista da shi wajen buga mujalla, da reshen ofishin a Kano mai ma'aikatan da ke jin Hausa. Gwamnatocin jihohi ba za su iya yin dokar ba, amma babu abin da ya hana su biya wa ƙungiyoyin masu kilishi da marina da majema kuɗin rajistar tambarin haɗin gwiwa, wanda bai kai kuɗin allunan kamfe na titi guda ba.

Kai kuma mai sana'a, kafin ka buga leda dubu goma da sunan da ka zaɓa, sa a bincika maka shi a ofishin alamomin kasuwanci, ka shigar da takarda, ka bi ta har satifiket ya fito. Idan kayanka suna ƙetare Jibiya ko Maigatari, ka nemi ta Yawunde ma.